Darasi na 7: Gwajin korona na gaggawa da yadda ake karanta shi

Yawancinku kun taɓa ganin gwajin maleriya a kemis ko asibitin unguwa, wanda ake ɗan tsira yatsa a ɗiga jini kan wata 'yar farar roba a jira layi ya fito. To gwajin korona na gaggawa ƙaninsa ne, sai dai shi ba ruwansa da jini, majina yake so.

Cutar ta ɓulla a Wuhan ta ƙasar Sin ƙarshen 2019, aka tabbatar da isowarta Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, lokacin kuwa gwajin PCR ake yi, sai an kai abin da aka ɗiba ɗakin gwaji a yi ta jira kwana da kwanaki. A Satumban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na gaggawa, minti 15 zuwa 30 an gama. Shi PCR riɓanya alamar ƙwayar cutar yake yi har ya gano ta ko da 'yar mitsitsiya ce, na gaggawa kuwa wani furotin na jikin ƙwayar yake kamawa, ba ya riɓanya komai, abin da ya tarar shi zai faɗa muku.

A cikin kwalin akwai tsinke mai auduga a kai, da 'yar roba mai ruwan magani, da farar robar gwajin. A fara duba ranar lalacewa a jikin kwali. A wanke hannu da sabulu, a zura audugar a hanci a juya ta tana gogar bangon hancin, a koma ɗaya hancin da tsinken dai, hawaye zai zo, atishawa ma haka, ba komai. Sai a tsoma ta cikin ruwan maganin a jujjuya, a matse, a rufe, a ɗiga a ɗan ramin robar gwajin. Ɗigo nawa? Takardar cikin kwali ce za ta faɗa don kowane kamfani da nasa, dan Allah kar a yi ta da ka.

Yanzu ga inda boko zai yi mana rana. Haruffa biyu ne a jikin robar, C da T. Layi a C kawai, ba a ga cutar ba. Layi a C da T, akwai ta, ko da na T ɗin ya yi dishi-dishi sai an kai shi bakin taga an ƙura ido, layi layi ne. In kuwa C bai fito ba gwajin ya lalace ko me T ya nuna, a jefar a sake sabo. Kuma in lokacin da takarda ta ce ya wuce kar a sake dubawa, wani sai bayan la'asar zai ɗauko na safe ya ga inuwar layi hankalinsa ya tashi a banza.

Abin da na fi so ku riƙe, layi ɗaya ba takardar sallama ba ce. Farkon kamuwa ƙwayar ba ta yi yawa a hanci ba, gwajin zai iya kuskure ta. Mai zazzaɓi da tari da ciwon maƙogwaro, ko ya daina jin ƙamshi, ya sake gwaji bayan awa 48, kafin nan ya sa takunkumi ya ɗan nisanci tsofaffi da masu ciwon suga. Numfashi in ya fara sarƙewa kuwa asibiti kai tsaye, ba a tsaya jiran layi.

Sai zafi. Yawancin kayan gwajin nan ba a so ma'aunin zafi ya wuce digiri 30 inda aka ajiye su, kun kuwa san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu, balle cikin mota. A nemi wuri mai inuwa da sanyi-sanyi, ba firiza ba.

Aikin gida: kowa ya zana robar sau uku a littafinsa, ya rubuta C da T, ya ja layukan, ya rubuta ma'anar kowanne a ƙasa.