Yadda ake cire sunan tsohon miji ko tsohuwar mata daga bashin gida da takardar mallaka a Kano

Takardar saki aure kaɗai take kashewa. Idan ma'aurata sun ci bashin gida tare, sunayensu na nan daram a yarjejeniyar banki da kan takardar shaidar mallaka, wato C of O, har sai an cire ɗaya ta hanyar doka. Sulhun da aka yi a zauren mai unguwa yana kwantar da rigima, amma banki bai san da shi ba.

A fara da lissafi. A karɓi ragowar bashin a rubuce daga banki, sannan a ɗauko mai ƙiyasta kadara mai rajista. Kada a tsaya ga bakin dillali, don la'adarsa yake hange. A ce gida ya kai naira miliyan 30, saura miliyan 12 na bashi, to abin rabo miliyan 18 ne. In kowa rabi ya zuba, mai riƙe gidan zai ba ɗayan miliyan 9. Sai dai ba kullum ne rabi da rabi ba. A Musulunci dukiyar mace tata ce, don haka in ta sayar da gwal ɗinta ta biya kafin alƙalami, a fito da rasit da bayanan asusu a ƙirga mata.

Daga nan banki za a nufa kafin ofishin filaye, domin asalin takardar gidan tana hannunsa a jingine. A yawancin yarjejeniyoyin haɗaka, banki na da ikon bin kowane ɗayanku duka bashin. Zai sake auna albashin wanda zai zauna da gidan, ya ga ko shi kaɗai zai iya biyan kuɗin wata. Yana iya amincewa, ko ya nemi mai tsayawa, ko ya ce a biya tsohon bashin da sabo. In albashin bai kai ba, sayarwa ta fi rufin asiri. Idan bashin Asusun Gidaje na Ƙasa ne, mai ruwa kashi 6 cikin ɗari, ta bankin da ya shigar da takardunku za a bi.

Wanda zai fita, nan ne zai buɗe ido. Kada ya sa hannu a kan komai sai ya riƙe wasiƙar banki da ta sauke masa bashin. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire kuɗi daga asusun mai bashin da ya gaza biya a wasu bankunan ta lambar BVN. Mutum zai iya barin gida, a ci gaba da kwashe masa kuɗi.

Bayan banki ya amince, lauya ya rubuta yarjejeniyar miƙa kaso, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya soke duk cinikin da aka yi ba tare da ita ba. Ta ma'aikatar filaye ta jiha da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, ake nema. A biya bashin harajin fili tukuna, don yana tsayar da fayil. Sai kuɗin hatimi da rajista, sannan lauya ya binciki fayil ɗin ya tabbatar sunan ya fita. Gara a riƙa biyan kason kashi-kashi, na ƙarshe ranar da rajista ta kammala.

Idan ɗaya ya ƙi sa hannu, a lura da kotun da za a je. Kotun Shari'ar Musulunci ke duba saki da haƙƙoƙin aure, amma sashe na 39 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar mallakar fili mai takardar gwamna. Kafin a yanke hukunci, kada a daina biyan banki ko da wata ɗaya, don in ya sayar da gidan, bashinsa zai fara cirewa kafin ku ga sisi.