Kacici-kacicin katin IBM: inda ake yawan tuntuɓe wajen ƙirga huji

Kafin kwamfuta ta shiga ofisoshi, kamfanonin inshora da na jirgin ƙasa a Amurka a kan kati mai huji suke ajiye lissafinsu. Herman Hollerith ne ya yi aiki da dabarar a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890. An haɗe kamfaninsa da wasu a 1911, kuma wannan haɗakar ce ta koma IBM a 1924. Katin IBM yana da layi 80 a tsaye, kowane layi da gurbi 12.

To ga tambayar: idan ba a yarda a yi huji fiye da biyu a layi ɗaya ba, alamomi nawa layin zai iya ɗauka?

Mai gaggawa zai ce 12 sau 12, wato 144. Ya huda gurbi ɗaya sau biyu ke nan, alhali ramin da aka riga aka huda ba ya sake huduwa. Bayan hujin farko saura gurbi 11.

Sai a gyara a ce 12 sau 11, a samu 132, a miƙe ƙafa. Nan ne akasarin ɗalibai suke faɗawa. Ɗauki kati ka huda 3 sannan 7, ɗauki wani ka huda 7 sannan 3, ka ɗaga su ga haske. Ina bambancin? Na'ura ramuka take gani, ba ruwanta da wanda ya riga wani. An ƙirga kowace tagwaye sau biyu, don haka a raba 132 gida biyu, a samu 66.

Kuma tambayar cewa ta yi kada a wuce biyu. Huji ɗaya ya halatta, 12 ke nan. Layin da ba a taɓa ba ma alama ne, shi ne tazarar da ke tsakanin kalmomi, amma kusan kowa mantawa yake da shi. Jimilla 66 da 12 da 1, wato 79.

IBM ba ta cinye duka 66 ɗin wajen rubuta haruffa ba. Kowane harafi huji biyu ne: ɗaya daga gurabe uku na sama (12, 11 da 0), ɗaya daga na ƙasa, 1 zuwa 9. Wasu sukan tara su ce 12, alhali ninkawa ake yi, tunda kowane na sama yana iya tafiya da kowane na ƙasa: 3 sau 9, 27. Haruffan Ingilishi 26 ne, sai haɗi ɗaya ya yi saura, na 0 da 1. Shi ya sa S, harafin farko a rukunin 0, ta fara daga 0 da 2, daga baya kuma aka ba wa karkatacciyar sandar nan (/) haɗin 0 da 1.