Babi na Bakwai: Rabin Awa na Turanci da Yara a Lokacin Dogon Hutu

Makarantun firamare a Kaduna sukan tashi dogon hutu wajen ƙarshen watan Yuli, su koma cikin Satumba. Mako shida zuwa bakwai ke nan, a tsakiyar damina. Yaron da Hausa ake yi a gidansu, ita ake yi a layinsu, a islamiyya kuma Larabci da Hausa, yana iya cinye hutun nan kaf bai furta jimlar Turanci ko ɗaya ba. Idan an koma makaranta sai malami ya sake farowa daga baya. Ga shi kuwa littattafan lissafi da na kimiyya da Turanci aka rubuta su, haka ma jarrabawar shiga sakandare.

Wannan babi na iyaye ne da yayye da duk mai riƙon yaro. Ba sai kun ƙware a Turanci ba. Wanda ya iya karatun boko na Hausa ya riga ya san yawancin haruffan da za a yi aiki da su. Abin da ake nema a wurinku shi ne rabin awa a rana, kwana biyar a mako, ba fashi. Da a tsare yaro awa uku ranar Asabar yana hamma, gara rabin awar nan ta kullum.

Kayan aiki da lokaci

Ku nemi kwalin taliya ko na sabulu wanda ba kowa a ciki, ku yanka shi gunduwa-gunduwa kamar faɗin tafin hannu, guda 40. A kan 26 ku rubuta haruffan Turanci, harafi ɗaya a kowane kati, da maka baƙa. Ƙananan haruffa za ku rubuta, domin su ne suka cika littafi. Manyan sai daga baya. Sauran katunan na kalmomi ne. A tanadi littafin rubutu mai ganye 40, fensir, magogi, da alli ko gawayi. A adana katunan cikin leda a ɗaure bakinta, don laimar watan Agusta tana narkar da kwali, rubutun ya dame.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, bayan an karya kumallo, yaro ya dawo daga makarantar allo, kafin a fara aike-aike. Bayan la'asar akwai islamiyya, da dare kuma barci ya kan ci ƙarfinsu. Ku raba rabin awar haka: minti biyar na magana, goma na sauti da karatu, goma na wasa, biyar na rubutu. Idan yaran sun wuce huɗu, ko akwai ɗan aji ɗaya da ɗan aji biyar a wuri guda, a raba su. In ba haka ba babban ne zai riƙa cafe amsa, ƙaramin ya koma ɗan kallo.

Kunne da baki tukuna

Minti biyar na farko ba a taɓa fensir. Ku ba da umarni da Turanci, ku aikata shi tare da yaron: "Stand up." "Sit down." "Touch your nose." "Open the door." "Bring the cup." Kada ku fassara, hannunku ne zai nuna ma'ana. Umarni uku sababbi sun isa a rana, a haɗa da na jiya. A kwana na uku ku daina nunawa, ku faɗa kawai, ku ga ko zai yi. A ƙarshen mako a juya: shi ya ba da umarni, Baba ko Inna su bi. Yara suna son wannan juyi ƙwarai, kuma a nan ne bakinsu yake buɗewa.

Sautin harafi, ba sunansa ba

Nan ne aka fi yin kuskure. Yara da yawa suna rera "ei, bi, si, di" har ƙarshe, amma a nuna musu kalmar "sit" su tsaya cak. Dalili shi ne sun haddace sunayen haruffa, karatu kuwa da sauti ake yin sa. Haruffan Turanci 26 ne, sautukan harshen kuma sun kai 44, shi ya sa harafi ɗaya yake iya fita iri biyu ko uku.

Ku fara da haruffa shida: s, a, t, i, p, n. An zaɓe su ne don da su kaɗai ana gina kalmomi da yawa: sat, sit, tin, pin, pan, tap, ant. Harafi ɗaya a rana. Ɗaga katin, ku fitar da sautin gajere, yaro ya maimaita. Sautin "s" shi ne "sss", ba "sa" ko "si" ba. Ku lura da wannan da kyau, domin mun saba da karatun ba, bi, bu, sai baki ya liƙa wasali a bayan kowane baƙi. Idan yaro ya koyi "sa, i, ta" ba zai taɓa haɗa su su ba shi "sit" ba.

Da an samu haruffa huɗu na farko, a fara haɗi. Jera katunan s, i, t a kan tabarma da tazara tsakaninsu. Yaro ya taɓa kowanne yana faɗar sautinsa. Ku matso da su kusa, ya ƙara sauri, har su haɗe su zama kalma. Sannan a cire kati ɗaya a sa wani: sit ta koma sat, pin ta koma pan. Wanda ya gane wannan canji ya kama hanyar karatu. Wani yaron a kwana uku yake kamawa, wani sai mako biyu, duk ba laifi. Kada a wuce zuwa sababbin haruffa sai haɗin ya zauna.

Wuraren da harshen Bahaushe yake tuntuɓe

A abacadar Hausa babu p, q, v da x. Kuma "f" ta Hausa da leɓe biyu ake yin ta, shi ya sa "pan" da "fan" suke zama abu ɗaya a kunnen yaro. Maganinsa takarda. Yaga 'yar siririya, yaro ya riƙe ta gaban bakinsa. A wajen "p" leɓɓa suna rufewa ruf, iska ta fashe, takardar ta yi tsalle. A wajen "f" haƙoran sama ne suke hawa leɓen ƙasa, iska ta zirara a hankali. A gwada da pin da fin, pull da full. Haka "v" da "b": ita ma "v" haƙori a kan leɓe ne, sai dai maƙogwaro yana rawa. Ya ɗora yatsa a wuyansa ya ce "van", zai ji.

Harafin "c" shi ma yana ruɗa wanda ya fara da karatun Hausa. A wurinmu sautin "ci" da "cokali" yake bayarwa, a Turanci kuwa "k" ne a "cat", "s" ne a "city". Ku faɗa wa yaro kai tsaye cewa wannan harafi aikinsa daban ne a kowane harshe. Sai "th" na "three" da "this": a sa tsinin harshe tsakanin haƙora a hura. Madubi yana taimakawa.

Na ƙarshe, Hausa ba ta son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, sai ta cusa wasali. Ta haka "bread" ta zama burodi. Yaro zai ce "sukul", ya ce "sitof". A ja "sss" ɗin da tsawo sannan a faɗa kan sauran: sss-top, sss-cool. Ba a neman ya yi magana kamar ɗan Ingila. Abin nema shi ne a fahimce shi, kuma in ya zo rubutu kada ya ƙara harafin da babu shi.

Akwai kalmomin da ba sa bin ƙa'idar sauti, irin su the, was, you, said, one, come. Su dole a gane su da ido. Biyar a mako, a rubuta a kati, a manna a ƙofar ɗaki ko jikin randa.

Wasannin minti goma

Kanti a tsakar gida. A tara gwangwanin madara, kwalin ashana, ledar Omo, robar ruwa. A yanka takardu a rubuta 50, 100, 200, 500 a matsayin kuɗi. Ɗaya mai kanti, ɗaya mai saye: "Good morning. How much is the milk?" "It is two hundred naira." "Give me two, please." Jimloli huɗu ko biyar ake maimaitawa duk mako, kaya ne kawai suke canjawa. Ga lissafin canji a ciki kyauta.

Idan gari ya yi sarari, a zana ɗakunan 'yar gala-gala da gawayi, a rubuta harafi ko kalma a kowane ɗaki. Duk inda ƙafa ta sauka sai an karanta. Ranar ruwa kuma a kife katuna a tabarma a riƙa buɗewa, wanda ya karanta daidai ya ci katin.

Garin Kaduna kansa littafi ne. Ranar da za ku Kasuwar Bacci ko babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi, ku tafi da yaro ɗaya, ku ba shi aikin samo kalma biyar daga allunan shaguna da jikin motoci a titin Ahmadu Bello. A tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ma akwai alluna. Ya rubuta su yadda ya gan su, a dawo gida a bincika ma'ana. Kwalin magani da gwangwanin tumatir suna ɗauke da ranar lalacewa. Ku koya masa nemo ta, amfanin na gidan ne duka.

Wani alherin garin nan shi ne maƙwabta. Da wuya a rasa gidan da yaransu suke Turanci a unguwa. Ku bar yara su yi wasa tare. Sai dai ku sani abin da aka fi ji a titi buroka ne. Yaro zai dawo da "I dey come". Kada a tsawata masa, harshe ne mai zaman kansa, kuma zai yi masa rana a kasuwa. A ce masa kawai: na makaranta shi ne "I am coming".

'Yan aji huɗu zuwa shida

Su aikinsu littafin hutu. Kullum a rubuta kwanan wata da jimla uku a kan abin da ya faru jiya: me ya ci, ina ya je, an yi ruwa ko ba a yi ba. Kuskuren da za ku fi gani shi ne "Yesterday I go". A Hausa muna cewa na tafi, zan tafi. Aikatau yana nan yadda yake, abin da ke gabansa ne yake nuna lokaci. A Turanci aikatau ɗin ne yake sauyawa. A buɗe shafin ƙarshe a ja layi biyu, "yau" da "jiya": go da went, eat da ate, see da saw, buy da bought. Biyu a rana. Za kuma ku ga ya kira mota "she", don a Hausa mace ce. Duk abin da ba mutum ba "it" ne.

Kada a cika shafi da jan biro. Kuskure ɗaya ko biyu ake gyarawa a rana. Yaron da aka jajjage wa shafi gobe jimla ɗaya zai rubuta, ita ma ta aro.

Wajen zaɓen littafin karatu, ya buɗe shafi ɗaya ya karanta da ƙarfi, duk kalmar da ta gagare shi ya naɗe yatsa. Idan yatsu biyar sun ƙare kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa, a koma na ajin baya. Ba abin kunya ba ne ɗan aji biyar ya yi hutu da littafin aji uku. Bayan karatu ku ce ya ba ku labarin da Hausa. In ya kasa, to baki ne ya karanta, kai bai ɗauka ba. Ana kuma iya juyawa: Kaka ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, da safe ya faɗe ta da Turanci cikin jimla biyar.

Abubuwan da suke ɓata aikin

Bulala da tsawa ne kan gaba. Harshe ba ya koyuwa sai an yi ta kuskure, mai tsoron duka kuwa shiru yake yi. Dariyar yayye ma haka take, a hana ta tun ranar farko. Sai hana yaro Hausa a gida da sunan ya iya Turanci. Wannan asara biyu ce, domin wanda ya iya karatun Hausa ya fi saurin kama na Turanci. Miƙa masa waya ya yi ta kallon katun shi kaɗai ba darasi ba ne, sai in kun zauna kun tambaye shi me ya ji, ya maimaita jimla biyu. Masu biyan kuɗin lesin na hutu kuma su riƙa duba littafin yaro. Idan kwafe ne kawai daga allo shafi bayan shafi, ku nuna masa kalma uku daga ciki ya karanta.

Idan mako biyu sun wuce yaro bai iya bambance sautuka ba, ko yana kai littafi dab da ido, ko sai an ɗaga murya yake juyowa, a kai shi asibiti a duba ido da kunne kafin a ce ba shi da kai.

Aikin aji ga masu nazarin wannan babi: kowane ɗalibi ya zo darasi na gaba da katuna shida na s, a, t, i, p, n da ya yanka da hannunsa. Za a zauna bibbiyu, ɗaya ya zama uba ko uwa, ɗaya yaro, a gwada haɗa kalma biyar da gwajin takarda na "p" da "f" a gaban malami.