Yadda za ka zaɓi katin muze da na metro in za ka Paris

Ƴan uwa na Maradi masu shirin tahiya Faransa, kar ku yi saurin zuba kuɗɗi, ga yadda nike yi.

Da farko zauna da biro ka rubuta wuraren da kake son gani da gaske. In guda biyu ne kawai, sayi tike ɗai ɗai ya fi maka araha.

Na biyu, in suna da yawa ɗauki Paris Museum Pass, wato katin shiga muze (gidajen tarihi), akwai na kwana 2, 4 ko 6, shina shigar da kai Louvre, Orsay, Versailles da wurare sama da 50, amma hwa ban da hasumiyar Eiffel, kuma lokaci shina fara tahiya tun shigarka ta farko, ko ka kwanta gida da mura. Louvre rufe take ran Talata, Orsay ran Litinin, to daidaita kwanakinka. Ka kama awar shiga Louvre ta intanet tun kana gida. Yara ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga, kar ka saya musu.

Na ukku katin metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) da bis, sunansa Navigo. Navigo na sati daga Litinin zuwa Lahadi yake aiki, wanda ya sauka Alhamis kwana huɗu kaɗai zai ci, gara ya ɗauki Navigo Easy ya dinga zuba tike. Na satin shina son ƙaramin hoto, sako guda cikin fasfo tun daga nan.