Yadda za ka zaɓi gidan haya in aikinka a Abuja yake

Ɗan'uwa in ka samu aiki a Wuse ko Garki, kar arhar haya ta ruɗe ka ka ruga Mararaba ko Masaka kai tsaye. Fara ɗaukar biro ka lissafa kuɗin motar zuwa da dawowa na wata guda, ka ninka sau 12, ka ɗora kan kuɗin hayar, sannan ka gwada da ɗakin da ke kusa da ofis, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye albashin mutane, wani ma abin da ya rage a haya a hanya yake zubar da shi wallahi.

Kafin ka ba ejan ko kwabo, je unguwar ranar Litinin da asuba ka bi hanyar da kanka. Kar ka je ran Lahadi, hanya fayau take. Titin Nyanya zuwa mahaɗar AYA, wanda mutanen Mararaba da Masaka ke bi su shiga gari, in ya cushe, tafiyar da bai kamata ta wuce rabin awa ba sai ta ci awa 2, ga gajiya, ga yara sun yi barci kafin ka iso gida, wannan ɗin yana damuna sosai.

Duba mota nawa za ka canza, in sai ka hau acaba kafin ka fito bakin titi to shi ma kuɗi ne. Tambayi maƙwabta maganar ruwa da wuta.

In hayar kusa ta fi ƙarfinka, ku haɗa kuɗi da abokin aiki ku kama ɗaki biyu, ko in a Kubwa ko Lugbe ka samu gida, ka nemi masu mota a can ku riƙa karo-karon kuɗin mai.