Yadda za ki ƙawata tsakar gida dan cin abinci a waje ba tare da kin kashe kuɗi da yawa ba

Mu da muke zaune a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo nan Kumasi, yawancinmu gidan haya ne, ɗaki da falo, tsakar gida kuma ta kowa da kowa ce. Ana wanki a nan, ana girki a nan, yara na wasa a nan, igiyar shanya ta ratsa ta ko'ina. Shi yasa in mutum ya ga hotunan wuraren cin abinci na waje a waya, da ciyawa kore shar da kujeru masu tsada, sai ya ce wannan ai ba namu bane. To ni dai na gwada, kuma wallahi ana yi, kuma da kayan da suke cikin ɗakinki yanzu haka za ki yi mafi yawansa. Abun da ya kai ni ga haka azumi ne ya faɗo cikin zafi, ɗaki kamar tanda, fanka na kaɗa iska mai ɗumi, sai na ce bari mu fito da buɗe baki waje, daga nan abun ya zame mana jiki har bayan salla.

Kafin ki taɓa komai, ki fara da mutane. Ki je ki gaida mai gida ki ce Baba Alhaji, ina so in riƙa shimfiɗa a kusurwar can da yamma ni da yara, in babu damuwa. Haka maƙwabciyar da igiyarta ta bi ta wurin, ki ce mata Mma, dan Allah in magariba ta kusa zan sauke igiyar nan, in mun gama in mayar miki. Da wuya a hana ki, balle in ranar farko kin aika musu da kwano. Kuma wannan ne ya sa duk kwalliyar da zan faɗa miki irin wadda ake shimfiɗawa a naɗe ce cikin minti goma, ba ta kafa ƙusa da siminti ba, tunda wurin ba naki ke kaɗai bane.

Sai zaɓen kusurwa. Ki tsaya a tsakar gidan da la'asar ki duba ta ina iska ke zuwa, ina kwata take, ina banɗaki, ina masu girki suke ajiye murhun gawayi. Ki nemi inda bango zai kasance a bayanku kuma hayaƙi ba zai biyo ta kanku ba. In akwai bishiyar mangwaro ko dogon yaro to kin huta, sai dai ki lura da inda tsuntsaye ke kwana. Ki share, ki wanke simintin da ruwan omo da tsintsiya, ki zuba ruwa a kwatar ta tafi, in ƙasa ce ba siminti ba ki yayyafa ruwa kaɗan ƙura ta kwanta. Gaskiya rabin kyan wurin a nan yake, dan duk atamfar da kika shimfiɗa in wari na tasowa babu wanda zai ji daɗin loma.

Maganar tebur, ni ban ga dole ba. Mun tashi muna ci a tabarma, kuma har gobe tuwon zafi da ayoyo ya fi daɗi a ƙasa an kewaye kwano. Ki shimfiɗa babbar tabarmar roba a ƙasa saboda ita ba ta jin laima, sai ki ɗora ta kaba ko darduma a kai dan kyau, sai ki miƙe zani ɗaya a tsakiya inda kwanuka za su zauna. Wannan hawa ukun kaɗai ya isa ya canja wurin. Amma in akwai tsofaffi masu ciwon gwiwa, ki kawo musu kujera 'yar tsugunno ko benci, sai a yi musu ɗan tebur gajere: tsohuwar ƙofa ko faffaɗan katako a kan kiret ɗin lemo guda biyu ko huɗu, a rufe da zani har ƙasa, babu mai sanin me ke ƙarƙashi. In za ki je wajen kafinta ki ce ya goge miki bakin katakon sosai saboda sartse, yara ba sa zama wuri ɗaya.

Zani shi ne inda nake so ki ɗan tsaya. Kowace mace a zongo tana da atamfa a akwati wadda ta yi ankon biki ko suna ta saka sau biyu ta ajiye, GTP ce ko ATL, wata ma tun ta lefe. Ki ciro guda ɗaya mai kala da ƙarfi ki mai da ita shimfiɗar abinci, yadi biyu ya isa. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su haɗa atamfa uku huɗu masu zane daban daban a wuri ɗaya, ido ya rasa inda zai sauka. Ki ɗauki mai zane guda ɗaya tak, sauran su zama marasa zane, ki duba kalolin da ke jikinta ki zaɓi biyu ki bi su, misali in tana da ruwan goro da shuɗi to filo da tawul ɗin hannu su zama cikin waɗannan. In babu zanin da za ki iya sadaukarwa ga miya da mai, ki shiga kasuwar Kejetia ɓangaren gwanjo, wanda muke cewa fos, ki nemi zanin gado fari ko labule mai kauri, ki wanke ki goge. Masu son abun gargajiyar nan yankin, Ntonso ba nisa daga Kumasi, can ake buga zanin adinkra mai tambarin Asante, guntu siriri da za ki shimfiɗa a tsakiyar farin zanin gado ya wadatar, ba sai kin sayi babba ba. Haka ma ƙyallen fugu na arewa, irin wanda ake ɗinka batakari da shi, yana yin kyau sosai a wannan aikin.

Ki kuma roƙi telanki ya tara miki ƙyallayen da suka rage, yawanci zubarwa suke yi. Manyan a haɗa su a ɗinka rigar filo, ƙananan a cusa ciki, kin samu matasan zama. Wasu kuma ki yanka su ƙanana mai kusurwa uku ki jera a igiya ki ɗaura daga taga zuwa bishiya, yara suna son wannan aikin, ki ba su su yi. In bangon bayanku ya yi dauɗa ko fenti ya ɓare, ki rataya tabarma mai kyau ko zani a igiya ya rufe shi, kar ki buga ƙusa a bangon mai gida sai kin tambaya.

Iska fa ki yi mata shiri. Rana ɗaya ina cikin jera kofuna iskar hadari ta taso ta ɗaga gefen zani, kokon da na dama ya kife gaba ɗaya ana saura minti kaɗan a sha ruwa, raina ya ɓaci sosai ranar saboda yara sun wuni suna jira. Tun daga nan nake ƙulla ƙaramin dutse a kowace kusurwar zanin, ko in kama shi da abun matse shanya a jikin tabarma ko katako. Abu ne na banza banza amma yana ceton abinci.

Haske kuwa shi ne yake mai da wurin wani abu daban da daddare. Mu da muka ga dumso, wato yawan ɗauke wutar nan na 2015, babu gidan da bai da fitilar caji, to ita ma ta shiga aiki, amma ga dabarar: fitila mai farin haske sosai tana jan ƙwari, musamman bayan ruwan farko lokacin da shinge ke fitowa, dan haka ki rataye ta nesa da abinci kamar taku biyar ko shida, ƙwarin su tafi can, kusa da ku kuma ki sa haske mai laushi ruwan ɗorawa. Na gwangwani shi ne mafi arha. Ki tara gwangwanin Milo ko na madara ko na tumatir, ki cire takardar ki wanke, ki cika shi da jiƙaƙƙen yashi ki danna sosai dan kar ya lotse, sai ki ɗauki ƙusa da guduma ki huhhuda jikinsa, layi layi ko siffar tauraro ko wata, yadda kika ga dama. Ki zubar da yashin ki bar kaɗan a ƙasa, ki kafa guntun kyandir a ciki. In kin kunna, hasken na fitowa ta hujojin yana zane a bango, iska kuma ba ta kashe shi da sauri. Amma gwangwanin yana zafi, kar ki ajiye shi kan tabarmar roba ko inda mai rarrafe zai kai hannu, ki ɗora a kan bulo ko gefen taga nesa da labule da mayafi. In yaranki ƙanana ne sosai ki bar kyandir kawai, ki sa ƙaramar tocila a cikin gwangwanin ko ki sayi ƙananan fitilun nan na igiya masu batir ko masu cajin rana, ana samunsu a Adum da Kejetia, ki sa a gwada miki a gabanki kafin ki biya.

Wajen zuba abinci ma kwalliya ce, kuma a nan ne muka fi kowa kaya. Asanka, 'yar tasar yumɓun nan wadda Asante ke cewa apotoyewa, ba ta niƙa yaji kaɗai bace, ki zuba yajin shito ko miya ko kelewele, soyayyiyar ayaba mai yaji, a ciki ki ajiye a tsakiya ki gani. Ana samunta a kowace kasuwa, Pankrono kuwa dama an san su da ginin tukwane tun da. Ƙosai da pinkaso da masa su shiga ƙwarya ko akushi, a rufe da faifai, ga kyau ga maganin ƙuda. In waakye ne, wato shinkafa da wake, ki shimfiɗa koren ganyen nan da masu sayarwa ke naɗe shi a ciki a kan babban tire, ki jera taliya da gari da ƙwai da wagashi a gefe kowa ya ɗiba. In ganyen ayaba kika samu ki wanke ki ɗan gifta shi a kan wuta, zai yi laushi ya daina yagewa. Sobolo, wato zobo, da lamurji kuma ki daina kawo su a robar fiya wata ko tsohuwar gora, ki wanke kwalabe masu haske ki zuba, jan sobolo a kwalba kusa da fitila shi kansa ado ne.

Tsakiyar shimfiɗa ba sai da fure ba. Ƙaramin kwandon Bolga da lemo da ayaba da abarba ɗaya a ciki ya isa, kuma a ƙarshe a cinye. Ki dai sa shi ya zama gajere yadda ba zai tare fuskar wanda ke gabanki ba. In kina son kore a wurin, galan ɗin nan ruwan ɗorawa da ake kira Kufuor galan, wanda ya fashe ya daina riƙe ruwa, ki yanka shi biyu ki huda ƙasansa ki shafa fenti, ki shuka na'a-na'a da ɗoɗɗoya da barkono, ki jera a bakin bango. Kina tsinka kina sa wa a shayi da miya. Hudar ƙasan nan kar ki manta da ita, duk abun da ya tara ruwa ya kwana biyu gidan sauro ne, haka tsohuwar taya in za ki shuka a ciki.

Sauron ma dai, ki kunna maganin sauro na nadi tun kafin a fito da abinci, ki sa shi can gefe ta inda iska za ta ɗauke hayaƙin daga kwanuka, ba a tsakiyar mutane ba. Ni ina ƙara ɗan turaren wuta a kasko a bakin shiga, wurin sai ya yi ƙamshin gida.

Wurin wanke hannu ki yi masa kusurwarsa daban. Bokitin Veronica da kowa ya saya lokacin korona a 2020, mai famfo a jiki, wanda wata 'yar Ghana Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, in naki na nan ki fito da shi ki ɗora a kan kujera, roba a ƙasa, sabulu da tawul mai tsabta a gefe. In babu, buta da roba sun wadatar, a sa yaro ɗaya ya zagaya yana zuba wa manya.

Sai lokaci. Kumasi garin ruwa ne, daga wajen Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba hadari na iya haɗuwa kina tsakiyar jera kwano, dan haka a wannan lokacin ki zaɓi kusa da baranda inda za a ja tabarma ciki da sauri. In hunturu ya shigo a Disamba da Janairu kuma ƙura ce matsalar, kar ki shimfiɗa tun da rana, ki bari sai saura rabin awa, kofuna a kife, komai a rufe. Da rana in babu bishiya, zanin gado ɗaya a ɗaure kusurwoyinsa huɗu sama da igiya yana ba da inuwa, ki sa gefe ɗaya ya fi ɗayan ƙasa dan in yayyafi ya zo ruwan ya gangara.

Ki samu babban kwando ko jakar Ghana mos go guda ɗaya ki ce wannan ta kayan waje ce: zani, filo, gwangwanaye, igiyar ƙyalle, ashana, abun matse shanya, duk a ciki. In an gama ci, a kashe kyandir a bari gwangwani ya huce, a kakkaɓe zani a jiƙa shi a daren in mai ya zuba, a naɗe tabarma a jingine a ɗaki kar raɓa ta taɓa ta, a share ƙwayar shinkafar da ta zube saboda tururuwa da ɓera, sannan ki mayar wa Mma igiyarta inda kika same ta kafin ta fito shanya da asuba.