Kwana nawa ya kamata iyali mai yara su yi a jirgin ruwan yawon shaƙatawa?

Kamfanonin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suna sayar da tafiya ne da lissafin dare: dare 3, dare 4, dare 7, dare 10, har zuwa 14. Mutumin Sakkwato kuwa, alal misali, daga ƙofar gidansa zai fara ƙirge, domin babu irin wannan jirgi da zai hau kusa da gida. Sai an je Jidda, ko Dubai da Doha, ko Durban a Afirka ta Kudu, ko tashoshin Bahar Rum kamar Barcelona da Genoa.

Ku fara da hanya. Daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III sai an sauka Abuja ko Legas, ko a bi mota zuwa Kano, kafin a samu jirgin ƙasar waje. Da yara, wannan yini guda ne, kuma gara a kwana a can. Washegari a tashi, galibi da canjin jirgi a Addis Ababa, Alƙahira ko Doha. Sai kuma kwana ɗaya a otal a garin da jirgin ruwan zai tashi. Wannan kwanan kada a yi masa rowa: jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara, kuɗin kuma sun tafi. A watan Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke hana jirage sauka a Sakkwato da Kano, a ƙara wani kwanan a Abuja. Idan aka haɗa, ban da kwanan hazo, zuwa ya ci kwana 3, dawowa kwana 2. Tafiyar dare 3 a ruwa ta zama kwana 8, ta dare 7 ta zama kwana 12.

Su kansu dararen ba su cika yadda ake zato ba. Ranar hawa, ana fara shiga ne wajen tsakar rana, ɗaki ba ya samuwa sai bayan azahar, jakunkuna su iso da la'asar, a yi atisayen ceto wanda dole ne ga kowa har jariri, jirgi ya tashi da yamma. Ranar sauka, tun da safe ake barin ɗaki, kafin hantsi ya dubi ludayi an fita. Saboda haka dare 3 yini biyu ne cikakku, dare 4 yini uku, dare 7 yini shida. Ga bambancin agogo: Jidda ta fi Najeriya da awa biyu, Dubai da awa uku, Durban da awa ɗaya. Yaro kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin barcinsa da cinsa su daidaita, kuma jiri da tashin zuciya sun fi damun mutum a waɗannan kwanakin na farko. A tafiyar dare 3, lokacin da yaran suka fara sakin jiki shi ne lokacin haɗa kaya. Kashe kuɗin tikitin jirgin sama na mutum biyar ko shida saboda yini biyu, cinikin asara ne. Gajeriyar tafiya tana da amfani ne kawai idan dama akwai abin da ya kai ku garin, misali iyalin da suka je Umra suka ƙara ta a Jidda. Jirgin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara aiki a Disambar 2024, yana yin irin waɗannan gajerun tafiye-tafiye a Bahar Maliya, babu giya, babu caca, akwai wurin salla.

Bayan hanya, auta ne ke yanke hukunci, ba babban yaya ba. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaririn da bai kai wata 6 ba, kuma idan tafiyar ta ƙunshi kwanaki a jere a tsakiyar teku, wasu sai ya cika shekara. Mai juna biyu da cikinta zai kai mako 24 kafin a gama tafiyar ma ba a ɗaukarta, kuma ana iya neman takardar likita a bakin shiga. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ko bai daina sa famfas ba, galibi ba a karɓarsa a zauren wasan yara sai da babba a tare da shi, kuma ba a barinsa cikin tafkin ninkaya. Ma'ana yini da dare yana hannun uwarsa, a ɗakin da faɗinsa bai wuce murabba'in mita 14 zuwa 18 ba, da gadaje huɗu a ciki. Da irin wannan yaro, dare 4 ko 5 ya isa. Fiye da haka uwargida ce za ta dawo tana bukatar hutu. Idan da hali a jira shekara ɗaya ko biyu, jiran ya fi.

Idan auta ya kai shekara 4 zuwa 11, dare 7 ne ya fi dacewa, kuma shi ne tsawon da aka fi sayarwa a Tekun Fasha da Bahar Rum. A kwana biyun farko yara su san hanyar ɗaki da wurin abinci, su saba da masu kula da su, sauran kwana huɗu su more, kafin gundura ta shigo an sauka. Amma a tuna da harshe. Ana gudanar da wasannin da Turanci, a wasu jiragen Turai da Italiyanci ko Jamusanci. Yaron da Turancinsa bai nuna ba, yana iya ƙin zama, ya koma manne wa iyayensa, sai a yi masa lissafi kamar ɗan shekara biyu. Samari da 'yan mata masu shekara 12 zuwa 17 suna iya dare 10 ba matsala, sai dai intanet na jirgi da tsada yake, kuma ana sayar da shi ne kan kowace waya.

Tafiya biyu masu dare 7 ma ba ɗaya ba ne. Ku nemi jadawalin tashoshi ku ƙirga ranakun da jirgi zai tsaya da waɗanda zai yini a ruwa. A Tekun Fasha garuruwan kusa da juna suke, Dubai, Abu Dhabi, Doha, Manama, ruwan kuma galibi kwance yake. Matsalar can ita ce yawan sauka: tashi da sassafe, layi, mota, rana, a dawo a guje domin ana rufe ƙofa kusan rabin awa kafin tashi. Kwana huɗu a jere haka, ƙaramin yaro zai fara rigima. Ba dole ne a sauka kowace tasha ba; a zaɓi biyu ko uku, sauran a zauna a jirgi lokacin da babu cunkoso. Hanyar Durban zuwa tsibiran Mozambik kuma buɗaɗɗen teku ne, igiyar ruwa ta fi ƙarfi. Ga wanda bai taɓa hawa ba, a nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi, a kuma guji jadawalin da ke da fiye da yini ɗaya a jere ba tsayawa.

Kowane dare da aka ƙara yana jan kuɗin da ba ya cikin farashin talla. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake cirewa kan kowane mutum a kowane dare, wasu kamfanoni na rage wa yara. Akwai lemo, wanki, yawon gari, hotuna. Ɗaki ɗaya mutum huɗu yake ɗauka, da ƙyar biyar, don haka gidan mutum shida ko bakwai ɗaki biyu za su kama, a nemi masu ƙofa a tsakani. Ku ninka waɗannan da yawan darare, da dala, kafin ku ce wa ejan ya ƙara kwana uku. Haka guzuri: famfas biyar zuwa shida a yini, madarar da yaron ya saba da ita, da na kwana biyu ƙari. Asibitin jirgi ba kyauta ba ne, inshorar tafiya ta zama tilas. Yaron da sauro ya ciza a Sakkwato zazzaɓinsa na iya tashi bayan mako ɗaya ko biyu, wato yana tsakiyar teku. A ga likita kafin tafiya, a riƙe abin gwaji da maganin da ya rubuta.

Takardu ma suna rage wa mutum zaɓi. Doguwar tafiya ƙasashe da yawa take taɓawa, fasfo ɗin Najeriya kuma kusan kowace sai da biza. Jirgin da ya fita ƙasa ya koma cikinta yana bukatar biza mai shiga sau da yawa, kuma kamfani na iya hana mutum hawa ko da ya ce ba zai sauka a wata tashar ba. A tambaya a rubuce, ƙasa bayan ƙasa. Kowane fasfo, har na jariri, ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, da katin rigakafin shawara.

Daga nan sai a ɗora lissafin kan kalandar makaranta. Jiragen Tekun Fasha da na Durban suna aiki ne daga wajen Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, don haka hutun Disamba ne ya dace da su, kuma kwana 12 zuwa 13 sun kusa cinye shi. Dogon hutun Agusta ya fi ba da sarari, amma a lokacin da yawa daga cikin jiragen sun koma Bahar Rum, inda ake bukatar bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, da za a fara nema watanni kafin tafiya. A duba kada ranakun su faɗa cikin azumi ko Salla, a kuma bar kwana biyu a gida tsakanin dawowa da komawa makaranta da Islamiyya.